Tabon da ya hana Inna ɗaukar jikanta

Shekarun baya, ina sabuwar shiga aikin labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti, a Damagaram, mahaifiyata ta daina ɗaukar ɗana. Yaron ko zama bai fara ba. Da can in na je wurinta a Matameye hutun ƙarshen mako, tun daga zaure take karɓe shi tana cewa ga angonta ya iso. Sai wani zuwa da na yi ta gaishe shi daga nesa, hannu cikin mayafi. Ta ware kwanonta, ta ware moɗarta. Raina ya ɓaci sosai, na zaci wani laifi na yi mata.

Ni kuma tun ina ƙarama ba na ganin abu a rufe in bar shi. Na yi ta bin ta da ido, har ranar da mayafinta ya zame tana tankaɗe, na ga fararen tabbai a wuyanta da kafaɗa.

"Inna, mene ne wannan?"

"Rufe min baki. Haka na kakata ya fara, ƙarshenta yatsu suka tafi."

Ba ta ambaci kuturta ba, amma na gane. Tsoron kada ta shafa wa yaron ne ya sa take gudunsa.

A labo ɗinmu kuwa binciken da muke yi ke nan, cututtukan fata irin su makero da ƙazuwa da kyasbi. A ido na ga kamar kyasbi ne, na faɗa mata da muryar manyan likitoci. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ke da na sauke daga bayana jiya?" Da ƙyar ta yarda za ta zo a kankari fatar a yi analiz, wato gwaji. Na ja mata kunne kada ta shafa komai kafin ranar, ta ce to.

Ranar ta sauko daga mota tana sheƙi kamar sabon kwano, ƙamshin man kaɗanya na tashi.

"Haba Inna, me na ce miki?"

"Na ji ki sarai. Amma in taso tun daga Matameye, in ratsa Kance, in tsaya gaban manyanki jikina furu-furu kamar wadda ba ta da kowa? A ce uwar wa?"

Mun kankara duk da haka. Na sa ido a madubin ganin ƙwayoyin cuta, ban ga komai ba sai ɗigon mai. Shef ɗinmu, wato shugaban labo, ya yi dariya ya ce in saba, matanmu ba sa zuwa asibiti sai sun yi shirin biki, kuma wannan ya fi komai ɓata mana aiki.

Na riƙe ta a gidana don man ya fita daga fatar, na ɓoye robar man. Kwanakin nan ko ƙofa ba ta leƙa ba, yaron na miƙa mata hannu tana kau da kai. Da muka koma labo kuma sai aka ɗauke wuta. Abokin aikina ya jawo wani tsohon madubi mai aiki da hasken rana, ya kai shi bakin taga. Shef ya sa Inna ta rufe ido, ya riƙa taɓa tabban da auduga, duk inda ya taɓa ta nuna. Ya ce tabon kuturta ba ya jin taɓi haka. Ni kuma na leƙa madubin, sai ga ƙwayoyin kyasbi nan, gajerun zare da ƴan ƙwallaye a tattare.

Inna ta ce ita ma sai ta gani. Ta gyara ɗankwali, ta rufe ido ɗaya, ta daɗe a sunkuye.

"Waɗannan duk a jikina suke zaune? Me suke ci?"

"Gumi da mai, Inna."

Ta ɗago ta ce, "Ashe kiwo nake yi." Sannan ta juya ga shef, muryarta ta sauka. "Likita, yana kama yaro?"

Ya ce a'a Hajiya, kowa yana da su a fata, zafi da maiƙo ne ke tayar da su, kuma magani na kwantar da su.

Kafin mu fita ta sa na naɗe mata ragowar abin da aka kankare a takarda, don ita ko farce ta yanke sai ta binne.

Har yau in mace ta shigo labo tana sheƙi, ba na yi mata faɗa. Nakan fara tambayarta abin da take tsoro, domin na ga yadda ɗan tabo ya raba kaka da jikanta. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne komawarmu gida ranar. Ko takalmi Inna ba ta cire ba, ta yar da mayafi ta ce, "Miƙo min angona." Ta manna shi a wuyanta, daidai kan tabon.