Baba da garin da ruwa ya cinye

"Tsaya, maimaita min wajen nan."

Baba ne ya faɗa jiya da la'asar, ina tankaɗe a tsakar gida. 'Yata Hafsa ce ke karanta masa littafinta na Turanci tana fassarawa, irin littattafan nan na yara masu labarin aljanu da tsuntsaye masu magana. Mutumin da kullum yake cewa ƙarya ce zalla a cikinsu, wai shi ne ya ajiye komar kamun kifin da yake gyarawa yana saurare.

Labarin wata yarinya ne da ta nutsa a tafki, ta tarar da garin kakanninta da ruwa ya cinye, ta zarce fada ta ɗauko kambun zinariya.

Baba ya girgiza kai. "Wanda ya rubuta wannan bai taɓa rasa gari ba."

"Me ya sa, Kaka?"

"Haba amaryata, wa zai fara da fada? Da ni aka ba numfashin yarinyar nan na nutsa a dam ɗin Tiga, tsamiyar ƙofar gidanmu zan fara nema. Daga nan ba sai an nuna min ɗakin Innata ba."

Na tsaya da rariya a hannu. Tun tasowata ban taɓa jin ya yi zancen garinsu da dam ya shanye ba.

Hafsa ta rufe littafin a hankali. "To mu bar shi?"

"A'a, ci gaba. Wataƙila a hanyar dawowa ta yi hankali ta leƙa gidansu."

Ni dai na daina kiran littattafan nan shirme. Ku fa, da ku ne kuka nutsa, me za ku fara nema?