Ɗoɗɗoyar Baba Ɗanmusa

Kafin rana ta leƙo kan dabinan unguwar Al-Awali da ke ƙasa mai tsarki, Baba Ɗanmusa ya riga ya shiga lambun tsohon soron nan na baƙin dutse, tulu a kafaɗa, yana bin layin ɗoɗɗoya yana ba ta ruwa. Haka yake tun gemunsa na baƙi.

Soron ya girmi kakannin kowa. A da lambunsa kashi huɗu ne, magudanan ruwa sun ratsa shi sun haɗu a wani ɗan tafki a tsakiya. Da masu gidan suka koma cikin gari, rufi ya rufta, yashi ya binne magudanan. Ma'aikata suka watse, sai wannan jikan mahajjatan Katsina, mai taurin kan tsiya. Ya bi kowace magudanar da ta nutse ya shuka ɗoɗɗoya a kanta, wai don kada lambu ya mance kamanninsa. Maƙwabta suka yi ta tsokanarsa: ga tsoho na yi wa kango kwalliya.

Kai ne ka riƙe wa lambun nan siffarsa, Baba, ba tare da wani ya sa ka ba.

Shekarar da Hijira ta cika dubu da ɗari huɗu, magada suka dawo gyara. Magina suka haƙa ƙarƙashin ɗoɗɗoyar, sai ga duwatsun magudanai a jere, ba inda layin ya kauce. Waɗanda suka gani sun ce tsikar jikinsu ta tashi.

Sai dai yanar ido ta fara rufe ganin Baba, shi kuwa burinsa ɗaya ne: ya ga ruwa na gudu a nan.

"Yalla, maza, 'ya'yana, ku ɗaga hannu," yakan ce wa magina. "Idon nan ba ya jira."

Ran da aka tada injin ruwa, ganin ya riga ya tafi. 'Yarsa Innayatu ta jawo shi bakin tafki tana hawaye.

"Abuya, moya ta zo," ta ce da Larabcin garin, wato Baba, ruwa ya iso.

"Bar kuka, 'yata." Ya tuɓe takalmi ya zura ƙafa ciki, ya kasa kunne yana saurare. "Ruwan gabas ya riga sauran isowa. Haka yake yi tun da."

A watan nan ka ajiye tulu, Baba. Mun gode, Allah Ya shayar da kai daga Alkausara. Duk mai riƙe da wani abin da jama'a suka manta, ya dubi tsohon nan, ya ci gaba da ba shi ruwa.