Baƙon Kawu Mamman

Duk wanda ya zauna a unguwar Dengfeng ta ƙasar Caina ya san fitar Kawu Mamman bayan sallar asuba: farar jallabiya, silifas ɗin wanka, igiya a hannu, a ƙarshen igiyar kuma zabgegen muzuru mai roɗi-roɗi, tsayinsa har gwiwa. Wai Kawu ne yake kai shi yawo. Mu da muke kallo mun san wanda yake jan wani!

Irin magen nan ne da ake haɗa jininsa da kyanwar daji. Wani ɗan Caina da Kawu yake sarin yadi a wurinsa ne ya gaji da ɓarnarsa. Da Kawu ya ji an ce kakan muzurun daga dajin Afirka yake, sai ya miƙe tsaye.

"Ashe ɗan gida ne! A ba ni shi, ni ne mai masaukinshi."

Ya sa masa suna Baƙo. Ku 'yan Maraɗi da kuka sauka a gidansa kun san dokarsa: ba ya cin abinci kafin baƙonsa, ba ya kuma tafiya ya bar shi. Dokar nan ce ta hana shi komawa gida shekara da shekaru, don takardun saka Baƙo a jirgi sun gagara.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, karatu ya kawo ni unguwar Tianhe, duk Asabar ina gidansa. Kai, Kawu da tsimi! Ganyen shayi sai ya daina ba da launi ake zubarwa. Amma Baƙo ɗanyar kaza yake ci kullum, ta halal, Kawu da kansa yake zaɓowa.

Na ce, "Kawu, ni ma fa jininka ne."

Ya ce, "Habu, ran da ka yi tsalle daga ƙasa zuwa bisa firji, kai ma ka ci kaza."

Sai Baƙo ya koyi buɗe famfo, don shi da ruwa ba a raba su. Rannan ruwa ya tsiyaya har gidan da yake ƙarƙashin na Kawu a benen, mai gidan ta hawo da masifarta. Tana ɗaga kai ta ga idanu a saman kabad, ta ƙwalla ƙara. Kawu ya ɗaga hannu biyu, ya haɗa duk Cainancin da ya iya, wato "lawban", shugaba, da "meyo", babu.

"Lawban, damisa meyo! Meyo! Alwala yake koyo!"

Ba ta fahimci komai ba, amma wallahi daga baya ita take kawo wa Baƙo wuyan kaji.

Da yamma kuwa, idan sun gama wasan jifa da tsohuwar hula, sai su zauna a taga, hazo ya rufe dogayen benaye, fitilu suna ta kunnuwa a cikinsa. Kawu ya yi ta ba shi labarin jejin Maraɗi a hankali: ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, zabi suna gudu cikin gero, inuwar gawo. Baƙo ya kafa manyan kunnuwan nan kamar ya taɓa zuwa, alhali a keji aka haife shi a nan Caina. Har rairayi Kawu ya sa wani ɗan kasuwa ya ƙullo masa daga gida, wai ɗan'uwansa ya shinshina ƙasarsu. Baƙo ya shinshina, ya tona, ya tsuguna ya yi fitsari.

Na fashe da dariya. Kawu ko a jikinsa.

"Ka gani? Ya gane gida! Mutum ba ya sakin jiki haka sai a gidansu."

Da ciwo ya kama Kawu, iyalinsa suka yi ta kira ya dawo, ya ƙi. Ya rame, igiyar ma ta fara fin ƙarfinsa. Na ce masa ni zan riƙe Baƙo.

"Riƙewa? Wanga ba kaya ba ne, Habu. Sai dai in ka yarda ya zama baƙonka."

Na yarda. Ya ɗora igiyar a hannuna, ya daɗe bai saki ba. Ya tafi Maraɗi, bai daɗe da isa ba Allah ya karɓi abinsa.

Bayan rasuwar, wani ɗan kasuwa ya zo da ƙullin rairayi a leda, ya ce Kawu ne ya ɗiba da hannunsa a tsakar gidansa, ya ce a kai wa ɗan'uwansa. Na zuba a bakin taga, ina jiran a yi abin da aka saba. Baƙo ya shinshina, ya sake shinshinawa, sannan ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kai. Ranar ko kaza bai kalla ba, ni ma ban iya cin komai ba.

Ni ne yanzu ake ja a titi bayan asuba. Allah ya jiƙan Kawu Mamman. Yadda bai taɓa barin baƙonsa ba, ya Allah, ga shi nan ya zo maka, ka kyautata masaukinsa.