Kawu Ɗan Dambe, Baffa Ɗan Ƙwallo

Jiya a cikin keke napep wani fasinja ya shigo yana ƙanshin man zafi, sai na tsinci kaina a soron gidanmu na Sharada, ina yarinya, ina kallon maza biyu suna shafa shi a gaɓoɓinsu.

Ɗaya Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, ma'aikacin majema a Challawa, wanda ba a cika samun mai kayar da shi a dambe ba. Ɗayan Baffa, ƙanen mahaifina, shi ke cin ƙwallo wa ƙungiyar wata masaƙa a Bompai. Za ka zaci ɗan damben ne mai faɗa. Ina! Kawu sai ya wuni bai yi magana goma ba. In an gama girbi aka fara kiɗan dambe, shi kaɗai yake fita, ya dawo da kumburarren ido, ba ya cewa ya yi nasara ko bai yi ba. Baffa kuwa tun daga bakin layi ake jin dariyarsa. Bai iya cin tuwo shi kaɗai ba, sai ya tara abokai.

Wata damina aka karya wa Baffa ƙafa a fili. Mai ɗori ya ce ƙwallo kam ta ƙare. Makon farko soron ya cika maƙil da 'yan ƙungiyarsu. Da wata ya zagayo, sai ɗaiɗai. Suka sami wani ɗan wasan, suka ci gaba. Baffa ya daina cin abinci, ya juya fuska bango, har ya jefi ƙanwata da kwano don ta yi waƙa.

Kawu ne ya riƙa cicciɓarsa kullum da yamma, ya fito da shi ƙofar gida. Rannan na ji Baffa yana kuka, yana cewa, "Sun manta da ni."

Kawu ya ce, "Ba laifinsu ba ne. Ku 'yan ƙwallo in mutum ya faɗi, wani ake sakawa. Mu in ka faɗi, kai za ka tashi. Kamo kafaɗata."

Da kafaɗar nan Baffa ya sake koyon tafiya. Shi kuma, da ya warware, ya riƙa jan Kawu wajen biki da suna, har muka fara jin muryar dariyar Kawu.

Yanzu masaƙar ta rufe, filin ya zama rumbunan kaya. Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Baffa, da ɗingishinsa, yana koya wa yaran unguwa ƙwallo a wani kango. In yaro ya faɗi, ba ya bari a canza shi nan take. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da wasan, yana jiran yaron ya tashi.