Ramatu da ta raba ni da baƙin rini

Ramatu ta rasu.

Da safen nan aka bugo min, ko shayi ban kai baki ba. Matar da suke ɗaki ɗaya a unguwar International City ce. Ta ce jiya Ramatu ta yanke jiki ta faɗi a wurin aiki, aka kai ta asibiti, ba ta farfaɗo ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ba gwanar rubutu ba ce, allo na yi sai ɗan yaƙi da jahilci. Ku karanta yadda ya zo. Kuma ku kai ƙarshe, don ba kuka kaɗai ya kawo ni ba. Mata biyu nake nema su raka ni mu yi mata wanka gobe, har yanzu ban cika su ba.

Wanda bai san ta ba, 'yar Damagaram ce. Tana aiki a salun ɗin mata da ke ƙasan benenmu a Al Nahda, inda nake zaune wurin ɗana. Rinin gashi ne sana'arta. Ba ta da kowa a ƙasar Larabawan nan. Uwarta na gida, 'yarta guda ɗaya tana hannun uwar.

Bayan Malam ya rasu na fita takaba, ɗana ya ɗauko ni ya kawo nan. Furfura ta zo min da wuri, tun ina goyo nake dannata da baƙin rini. Wanda na taho da shi daga Kano ya ƙare, sai surukata ta sauko da ni salun.

Na zauna na tuɓe ɗankwali, na ce baƙi nake so, wuluk.

Ta dubi kan, ta dubi fuskata. Ta ce, "Hajiya daga ina?"

Na ce Kano.

Ta ce, "Ai na gani. Bakanuwa ce kaɗai za ta kifa gindin tukunya a ka ta ce ado ta yi."

Ina jin harshenta na gane. Na ce, "Au, Badamagariya ce? Ku da mu muka koya muku ɗaurin zane, yau ke ce mai zaɓa min?"

Surukata ta tsorata, ta zaci faɗa ne. Ba ta san wasan da ke tsakaninmu da su ba, a Legas ta tashi.

Ramatu ta kama hannuna ta kai ni bakin ƙofar gilas, inda hasken rana ke shigowa. Wai fitilar salun maƙaryaciya ce, kowa ta haska sai ta yi masa kwalliya. Ta kawo madubi da wasu ƙyallaye. Ta yafa min baƙi a kafaɗa ta ce in duba. Na ga mace kamar ta tashi daga jinya, ƙasan ido ya zurma. Ta cire ta sa ruwan toka, abin ya fi muni. Sai ta sa wani ruwan goro.

Wallahi kamar na yi barci na ƙoshi. Fuskar nan dai ce, ko hoda ba a sa min ba.

Ta riƙe ɗankunnen gwal a wannan kunne, na azurfa a wancan. Azurfar ta yi kamar ta aro ce.

Ta ce a inda ta koyi aikin an raba mutane gida huɗu, kamar lokutan shekara na Turawa. Ni ina cikin masu ɗumi da haske, lokacin da itatuwa ke sabon ganye. Wai fatata akwai ruwan gwal a ƙarƙashinta, idona kuma ruwan zuma ne, tar. Na ce to ki ce farkon damina mana, ki huta da Faransanci. Ta ce yauwa, ashe Kanawa na ganewa in an bi su a hankali.

Abin da ta yarje min: jan tagulla, ruwan zuma, ruwan goro mai ɗan duhu, ruwan ƙasa mai ɗaukar ido in rana ta buge shi. Abin da ta hana: baƙi wuluk, duk wani mai toka-toka, da ja mai kama da zoɓo.

"Zoɓo ki sha, Hajiya, kar ki sa a ka. Wannan na masu sanyin fata ne."

Na ce, ke 'yar nan, Malam ya mutu, kaina a rufe yake ko a cikin gida. Wa zai gani?

Ta ce, "Madubin banɗakinki wa ke dubawa? Aljanu?"

Ranar ba ta rina min komai ba. Ta ce lalle ba ya hawa kan baƙin rini, sai sabon gashi ya fito. Za ta riƙa sa wa furfurar lalle da kurkum da ruwan ganyen shayi, baƙin kuma a riƙa datse shi kaɗan kaɗan. Na fi shekara kaina kala biyu kamar kazar da aka yi wa shaida. In na ƙosa na ce ta aske duka mu huta, sai ta ce, "Dusma, Hajiya, dusma." Wato a hankali.

Da gwiwata ta matsa min na daina sauka, ita ce ke hawowa ranar hutunta, da kwanon lallenta a leda. Ta ci tuwona tana zagin miyar, wai Kanawa ba su san yaji ba, amma ba ta taɓa ragewa ba.

Wata rana tana jiran lallen ya kama, ta kalli ƙafata. Ta zauna a ƙasa ta ɗora ƙafar a cinyarta ta yanke min farce. Na daɗe ban iya sunkuyawa ba, ban gaya wa kowa ba. Daga ranar ta mayar da shi cikin aiki.

Ba waliyyiya ba ce. Tana da baki, tana makara, in ta ce bayan azahar to la'asar ce. Amma hannunta ba ya ja, kuma abin da ta gani a kan mutum nan yake tsayawa.

Talatar da ta wuce ce ganinmu na ƙarshe. Ta zo tana dafe gefen kai. Na ce ki je asibiti. Ta ce, "Shwaiya ne, Hajiya, ɗan kaɗan ne, tsayuwa ce ta yi yawa." Na ce ki je dai, kin fi ni taurin kai. Ta yi dariya ta ɗauki almakashi. Ɗan baƙin da ya rage a bakin gashin ta datse shi, ta share, ta riƙe min madubi ta baya.

Kan duka ya zama tagulla, furfurar da ta fi fari ta fito kamar zuma.

Ta ce, "Khalas. Yau na gama da Kano."

Na raka ta bakin lifta da sandata. Ƙofa na rufewa ta ce, "Kar ki sa sabulu sai jibi."

Maganarta ta ƙarshe da ni ke nan. Ba wata wasiyya.

Ɗazu aka haɗa ni da uwarta a waya. Tsohuwa ce kamata. Sun yarda a binne ta a nan, ɗana da mai salun suna ta zirga-zirgar takardu, an ce gobe da safe za a ba da ita. Uwar ba ta yi kuka a wayar ba. Ta ce, "Hajiya, Ramatu na yawan zancenki. Abu ɗaya nake roƙo. Kar a bar ta a hannun waɗanda ba su san sunanta ba. A tsefe mata kai, a wanke, a yi mata kitso uku yadda ake yi."

Na ce na ɗauka.

A wurin wankan akwai matan da aikinsu ke nan, Allah ya saka musu, amma suna barin na mamaci su shiga su sa hannu. Ni na wanke gawa a unguwarmu ba adadi, ba tsoro nake ji ba. Ƙarfi ne babu. Hannuna na rawa, ba zan iya juya mutum ba, ba zan iya ɗaga buta in daɗe ba. Kitson zan iya. Sai da mai riƙe min kai da mai zuba ruwa.

Tun da safe na sa murya a gurup ɗin matanmu na wasap. Hotunan hannu na addu'a sun zubo, da fuska mai hawaye, har wayar ta yi zafi. Wadda ta ce ga ni, babu.

Sai ta bayan fage suka riƙa turo min saƙo. Wata ta ce maigidanta bai san tana zuwa salun ba. Wata ta ce tana tsoron gawa, wannan na karɓa, halitta ce. Wata kuwa ta ce wai in an gan ta za a ce mene ne haɗinta da 'yar salun.

To bari in gaya muku haɗin.

Ramatu ba ta taɓa kama min sunan kowa ba. Amma ni na sha zama a kujerar bakin ƙofar salun nan kafin gwiwa ta hana ni, kuma idona ƙalau. Na san mai ruwan zuma a ƙarƙashin gyale. Na san mai jan zoɓo, wadda ya karɓe ta don ita mai sanyin fata ce. Na san wadda ta zo da gashi a ƙone, wata ta ɓata mata ana gobe mijinta zai dawo daga tafiya, Ramatu ta hana kanta abincin rana ta gyara. Kun zauna ta taɓa kanku, kun gaya mata abin da ba ku gaya wa iyayenku ba.

A wurin suna ko walima kuwa sai ku wuce ta kamar ba ku taɓa ganin ta ba. Na yi mata maganar sau ɗaya, raina a ɓace. Ta ce, "Bar su, Hajiya. In gyale ya ɗan zame, aikina yana gaishe ni."

Ita ta bar ku. Ni ban iya ba.

Ba zan faɗi sunan kowa ba, ba tonon silili na zo yi ba. Ta rufa muku asiri tana da rai, ni ma zan rufa.

Bayan azahar ɗaya daga cikinsu ta bugo. Ta ce ba ta taɓa wankan gawa ba. Na ce ba komai, ruwa kawai za ki zuba, inda na nuna. Ta ce za ta zo. Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu tsaya mata ranar tata.

Saura ɗaya.

Gobe in an idar da sallar asuba ɗana zai fito da mota, zai tsaya a ƙofar salun. Ba sai kin rubuta komai a ƙarƙashin wannan ba. Ba sai kin bugo ba. Ki zo kawai ki buɗe ƙofar baya ki shiga. In kin ga dama ki sa niƙabi, ba zan tambaye ki ko wace ce ba, ɗana kuma ba ya waiwaye.

In ba wadda ta zo, mu biyu za mu yi, ko da zama zan riƙa yi ina tashi. Amma zan kira uwarta bayan an gama, za ta tambaye ni su wa suka tsaya, kuma ni ba na ƙarya.

Allah ka jiƙan Ramatu. Ka yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata mata kabari, ka haskaka shi, ka sa ƙasar baƙunta ta yi mata sauƙi. Ka ba uwarta haƙuri, ka raya 'yarta ka haɗa ta da masu tausayi.

Duk wanda ya karanta, mace ko namiji, ya sani ko bai sani ba, ya yi mata Ƙulhuwallahu kafin ya wuce. Ku kuma roƙa min Allah ya riƙe min hannun nan gobe har in gama kitson.