Gilashin da Ke Kashe Ƙyallin Ruwa

Ban san sunansa ba. Dogo ne mai furfura a gemu, katin wurin aiki na leƙowa daga aljihunsa. Ina jin cikin ma'aikatan nan yake da ke guje wa hayaniyar gari ran Asabar, su zo tsohon ramin fasa dutse na bayan Kurudu ɗaukar hoton ruwa.

Yau ya tarar da mu cirko-cirko a bakin ramin. Takalman maƙwabcina Nathan suna kan dutse tun jiya da ya zo wanka, bai koma gida ba. Hantsi ya doki ruwan, ba ka ganin komai sai ƙyalli.

"Oga, an ce kyamararka tana gani har ƙasa," in ji Rosemary, matar Nathan. "Don Allah duba mini."

Gilasai biyu ne ɗaure a bakin kyamarar: baƙi mai rage haske, da wanda ke kashe ƙyallin ruwa. Yana ƙoƙarin cire baƙin, amma sun cije juna. Sai da ya sa hankici sannan suka rabu.

Ya kafa ido, yana murza ɗaya gilashin a hankali. Ni fuskarsa nake kallo.

Yatsunsa suka tsaya. Bai ɗauki hoton ba.

"Ka ga wani abu?" Rosemary ta tambaya.

Ya rufe bakin kyamarar da tafin hannunsa.

"Madam, zauna tukuna," ya ce. Sannan ya juyo wajenmu, murya ƙasa-ƙasa. "A samo igiya."