Babbar Rigar da Mamman Ya Sa wa Ƙanensa

Shekara goma ke nan da rasuwar aminina Mamman Dogo. A zamaninsa, washegarin babbar sallah, samarin mahauta kan yi tseren keke daga Mafara zuwa Bakura, wanda ya zo na ɗaya a ba shi rago. Yau babu mai bin hanyar nan don wasa. Mai babur ma sai ya tambayi labarinta kafin ya kama.

Kowa ya ce Mamman ƙafa gare shi. Ni da na zauna kusa da shi na san wayo ne. Ya riga kowa gane cewa iska ke gajiyar da mai keke, ba nisa ba. Sai ya aske kansa, ya sa singileti mai kama jiki, ya kwanta bisa kan keken kamar mai ruku'u. A gabansa kuma ya sa ƙanensa Sani, cikin babbar riga mai sitaci.

“Kai aka kallo, ƙanena,” in ji shi. “Ɗan gidanmu ba ya shiga Bakura tsirara.”

Sani ya yarda, don yaya ne ya faɗa. Rigar kan cika da iska ta buɗe kamar rumfa, shi yana turzawa yana haki, Mamman na laɓe a bayansa cikin sauƙi. Da an hango gari sai Mamman ya fito gefe ya wuce da ƙarfinsa cikakke. Sani kan iso na ƙarshe, mutane na dariya: “Ango, ina amaryar?”

Daga baya na ga tseren keke a Wagadugu da Faransa. Can ma akwai mai tare wa gwani iska, har Faransawa na ce masa baran gida. Amma ya san aikin da yake yi, kuma in an ci ana rungumarsa a gaban jama'a. Mamman kuwa in ya yanka ragon, huhun yake jefa wa Sani a faranti.

“Ci, kai ka buƙata tai.”

Da na dawo na ba Mamman labarin Faransa, Sani na gefe yana fiɗa. Mamman ya ƙyalƙyale da dariya. “Ashe Turawa sun iso inda nike!” Sani ya ajiye wuƙa. Ranar ya gane abin da rigar take.

Na kan tambayi kaina me Mamman zai ce da kekunan yanzu masu siririyar taya da hula mai tsini. Ina jin zai yaba, sannan ya waiga neman wanda zai sa gaba.

Allah Ya jiƙansa. Har yanzu a Mafara ana kiran sunansa in ana zancen gudu, ba a kiran na Sani. Sani na nan, ya tsufa, hawan matakalar masallaci ma sai ya huta. Tun ranar nan bai sake sa babbar riga ba, ko da sallah, kuma bai sake tsayawa gaban kowa ba. Ko a jana'izar yayansa, sahun baya ya tsaya.